Tankin Kwana Huɗu

Ƙarfe goma na safiyar Litinin aka kawo wa Sufeto Kehinde Laniyan ƙarar satar fetur. Mai ƙarar shi ne Bamidele Oyewusi, manajan wani shagon batura da faifan sola a Dugbe, dogo mai farar riga da ta sha guga. Wadda ake tuhuma direbar shagon ce, Morenike Ajadi, gajeriyar mace mai shekara arba'in da biyar, ta ɗaure ɗankwalinta tamau.

Bamidele ya dire jarka da tiyo a kan tebur.

"A but ɗin motar na same su, Oga. Da can in an cika tanki mako guda yake yi. Wata biyu ke nan ba ya wuce kwana huɗu. Na duba mita, tafiyar ba ta ƙaru da wani abin kirki ba. To ina man yake zuwa?"

Laniyan ya dubi matar. "Iya, me za ki ce?"

"Ni na fara gaya musu motar tana shan mai. Sau uku na faɗa. Ka taɓa jin ɓarawon da ya tashi mai gida daga barci ya ce masa ana sata?"

Bamidele ya zaro wata takarda ya tura gabanta.

"Anti, mai shago ya ce ba ya son tonon asiri. Ki sa hannu cewa kin ɗiba, ki tafi gida, magana ta mutu."

Ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Shekara goma sha biyu na yi ina tuƙa tasi tsakanin Ojoo da Molete tun kana makarantar sakandare. Ninke takardarka ka mayar aljihu, Dele. Oga Sufeto, in bayan kanta za a kai ni, a nuna mini ƙofar, da ƙafata zan shiga."

Laniyan ya buɗe jarkar. Akwai fetur a ciki, bai fi cikin kofi ba. Ya ɗauki tiyon ya shinshina bakinsa biyu. Warin sabuwar roba kawai ya ji. Ya ajiye shi.

Bai gama rubuta bayanansu ba aka ce DPO na kiransa.

"Cif Fasoyin, mai shagon nan, ya yi mini waya," in ji DPO. "Mutumin kirki ne. Ga jarka, ga tiyo, me kuma kake nema? Ka caje ta yau."

"Kwana biyu nake nema, yallaɓai."

"Kan fetur lita nawa?"

"Kan sunan matar. In na caje ta yau, babu mai sake ba ta makulli a garin nan. In kana so a caje ta yanzu, ka ba wani fayil ɗin, amma ba da sa hannuna ba."

DPO ya yi tsaki, ya kaɗa masa hannu ya fita.

Motar tana harabar ofis, 'yar ƙarama ruwan toka. Laniyan ya buɗe murfin tanki ya zura tiyon. Bai shiga taƙi ɗaya ba ya tsaya. Ya murɗa, ya danna, ya ƙi wucewa.

"Akwai raga a wuyan tankin," in ji Morenike daga bayansa. An ba da belinta tun ɗazu, ta ƙi tafiya gida. "Da wani ya tambaye ni da na faɗa masa."

Ya ja da baya ya ƙare wa motar kallo. Babu komai a cikinta, amma bayanta ya zauna ƙasa kamar an ɗora mata buhuna. Ya ɗaga but. Shimfiɗar ciki ta yi ƙananan huda guda biyar, gefen kowace ya yi fari ya rududduge.

"Wa yake gyara ta?"

"Baba Rasaki, a Mokola."

Ita ta tuƙa su. Laniyan ya zuba ido yana kallon ƙafarta. Ba ta figar mota, tana canza giya da wuri, in ta hango cunkoso tun daga nesa take sakin totur. A shataletalen Mokola suka tsaya cak, sai ta kashe injin har layin ya motsa.

Baba Rasaki tsoho ne mai furfura a gira, hannuwansa baƙi ƙirin da baƙin mai. Da ya ji abin da ya kawo su, dariya ya yi har da tari, yana nuna Morenike.

"Iya Dupe ce za ta saci fetur? Matar da take zuwa ta dame ni kan cokali guda? Oga, zauna ka ji. Ƙaramar mota a cikin gari abubuwan da ke sa ta shan mai sanannu ne. Taya ba iska. Matatar iska ta toshe da ƙura. Filogi ya mutu. Birki yana riƙewa. Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya wata guda da ya wuce, na canza na canzawa, tana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Bayan mako ta dawo ta ce ba ta canza zani ba."

"To me ya rage?"

"Mutum ya rage. Yadda ake tuƙa ta, da abin da ake ɗora mata."

Ya kwanta a kan kwali ya leƙa ƙarƙashin motar, ya fito yana kaɗa kai.

"Sifirin na baya ya kwanta. Kulochi ya kusa cinyewa, kuma bara na sa sabo. Ƙafar Iya Dupe ba ta cin kulochi. Wani yana ɗora wa 'yar motar nan kayan da ya fi ƙarfinta, yana hawa tudu da ita a giya ɗaya."

"Manaja ya ce mita bai ƙaru ba."

"Mita tafiya yake ƙirgawa, Oga, ba wahala ba. Ka tsaya awa guda a cunkoson Beere da injin a kunne da esi, mita bai san an yi ba, tanki ya sani."

Laniyan ya nuna masa hudojin but. Tsohon ya murza gefen ɗaya ya kai yatsa hanci.

"Ruwan batir. Tsohon batir mai yoyo."

"Sababbi shagonmu yake sayarwa, kuma babbar mota ke kai su," in ji Morenike. "Ni ƙwan lantarki da waya nake kaiwa."

Baba Rasaki ya tsuguna gun tayar baya ta hagu, ya goge laka da babban yatsa. Harafin T ya bayyana, an rubuta da farin fenti.

"Kin yi faci kwanan nan?"

"Ban yi ba."

"Wannan alamar Tiamiyu ce, mai facin da ke gindin tudun Oke-Are. Kowace taya ya taɓa sai ya sa mata."

A hanyar komawa Laniyan ya tambaye ta inda makulli yake kwana.

"A ofishin manaja. Da rana ma a can nake rataye shi daga ƙarfe ɗaya zuwa uku. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, Cif ya ba ni awa biyu kullum in hau acaɓa in je in ba ta abinci."

"Tun yaushe?"

Ta ce a hankali, "Wata biyu."

Washegari da safe ya je shagon shi kaɗai. Bamidele ya tarbe shi da fara'a, ya aika a kawo lemo.

"Wa yake ɗaukar makulli in ta tafi gun mahaifiyarta?"

"Babu kowa. Yana nan a rataye."

"Kai fa?"

Bamidele ya yi murmushi. "Ni mota mai giya ma ban iya ba, Oga. Tawa mai tafiya da kanta ce. Ka tambayi kowa."

"Ka san Oke-Are?"

"Na fi shekara ban bi ta can ba."

Laniyan ya rubuta maganar a littafinsa, ya karanta masa, ya sa shi ya sa hannu. Lemon bai sha ba.

Tiamiyu mai faci yana ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro da injin iskarsa. Da farko ya ce motoci ruwan toka sun fi ɗari a Ibadan, shi bai san wata ba. Laniyan ya nuna masa hoton tayar a waya.

"Wannan rubutun wa ne?"

Mutumin ya sosa ƙeya. "Oga, ni ba na son shiga rigimar masu kuɗi."

"Ka riga ka shiga. Akwai wata mata da za a kai kotu saboda motar nan."

"Mata kuma? Ai namiji ne yake tuƙa ta." Ya ajiye guduma. "Wajen ƙarfe biyu yake wucewa, kusan kullum. Mai farar riga. Tun daga can ƙasa za ka ji injin yana kururuwa, mutumin bai san akwai giya ta biyu ba. Yara har tsokanarsa suke yi. Ranar da tayar ta fashe sai da muka sauke batura huɗu kafin jak ya ɗaga ta. Shi kuwa ko fitowa bai yi ba sai da na ce ya fito, yana ciki da esi yana waya."

"Ina yake kai su?"

Tiamiyu ya nuna saman tudu da haɓa. "Wajen wani mai sayen tsofaffin batura. Da sababbi yake hawa, da tsofaffi yake saukowa."

Ƙarfe huɗu Laniyan ya koma Dugbe da Kofur Bisi, da Tiamiyu, da Morenike. Cif Akintunde Fasoyin da kansa yana shagon, babban mutum cikin babbar rigar agbada ruwan ƙasa, ransa a ɓace.

"Sufeto, na ce a rufe ƙaramar magana, kai kuma ka kwaso mini jama'a."

"Baba, sito nake so a buɗe."

"Jiya na leƙa shi. Komai yana nan."

"Kwalaye ka gani."

Bamidele ya ce makullin sito ya ɓata tun safe. Cif ya daɗe yana kallonsa, sannan ya laluba aljihu ya fito da nasa.

Layin gaba duk sababbin batura ne. Laniyan ya wuce su ya je layin bango, ya sa Kofur Bisi ta yanke liƙin kwali ɗaya. Batirin da ke ciki ya kumbura, kansa ya yi farin gishiri, ƙasan kwalin ya jiƙe. Ta buɗe na biyu, haka. Na uku, haka. A na goma sha ɗaya Cif ya ce ya isa, ya nemi kujera ya zauna.

Laniyan ya juya. "Tiamiyu, ka ga mai tuƙa motar a nan?"

"Ga shi can. Har yanzu ba ka iya giya ba, ko ka koya?"

Bamidele ya fara cewa bai taɓa ganin mutumin ba. Laniyan ya buɗe littafinsa.

"Ka ce ba ka iya mai giya ba, wannan kam ka yi gaskiya, kulochi ya shaida. Tiyon da ka kawo bai taɓa ganin fetur ba, kuma ba ya shiga tankin. Na aika a ɗauko mai sayen batura na Oke-Are. Ka fi so ka faɗa kafin ya iso, ko bayan ya faɗa?"

Bamidele ya jingina da bango. Gumi ya jiƙa kwalar rigarsa.

"Guda arba'in da biyu ne," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na so in mayar kafin ƙarshen shekara."

"Ita kuma me ta yi maka?"

"Ta ƙi yin shiru kan man. Ranar Juma'a ta ce za ta roƙi Baba ya bar ta ta riƙa tafiya da makulli. Na san in ta ci gaba da tonawa za a zo kaina." Ya juya wajen Cif ya kwanta rub da ciki a ƙasa. "Baba, ka dubi Anti, matarka. Ɗan ƙanwarta ne ni."

Cif ya goge fuska da gefen agbadarsa. "Sufeto, yaron gida ne. Ka bar mu mu kashe ta a gida. Zan yi wa DPO magana."

"Baturanka naka ne, Baba, kana iya yafewa. Amma ya shigo ofishina ya yi ƙarar ƙarya, ya ƙirƙiro shaida. Wannan ba taka ba ce."

Cif ya juya ga Morenike, ya sassauta murya.

"Iya Dupe, ke uwa ce. Ki ce a bar shi. Gobe ki dawo aikinki, zan ƙara miki wani abu."

"Shekara shida ina tuƙa maka mota, Baba. Ko waya ba ka yi mini ba ka tambaye ni, takarda ka aiko in sa hannu. Da na sa, yau da wa zai ce a bar ni?" Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ba zan ce a bar shi ba. Oga Sufeto, a ina ake rubuta ƙara? Ina da tawa."

Kofur Bisi ta ɗaga Bamidele ta sa masa ankwa. Ya roƙi a fitar da shi ta ƙofar baya. Laniyan ya ce motar 'yan sanda a gaba take.

Masu shagunan layin duk sun fito bakin ƙofofinsu. Bamidele ya sunkuyar da kai, Kofur na riƙe da damtsensa. Morenike tana biye da su a hankali, kanta a sama, tana gaida kowa da sunansa.