Naɗin da Ba Shi da Suna

Ƙarar yagewar takarda ce ta sa Henrike ta janye ƙafafunta daga fedar fiyano da sauri. Kiɗan ya tsaya cak.

A akwatin marigayiya mahaifiyarta ta tsinci wannan naɗin takardar mai huji-huji, irin wanda ke sa fiyano ya kaɗa kansa. Ba suna, ba hatimi. Duk naɗin da mahaifinta ya tara a gidansu na Freiburg ta san asalinsu, ban da wannan.

"Papa, bari in kai wa Tilman ya gyara..."

"Mai kwafi ba zai taɓa min kaya ba," in ji tsohon. "Volker ya ce da shayi yake rina sabuwar takarda, ya sayar a matsayin tsohuwa."

Volker abokin cinikin mahaifinta ne, ya daɗe yana sonta tana zillewa.

Washegari ta ɓoye naɗin a rigar sanyinta, sai shagon Tilman, saurayinta mai buga sababbin naɗi daga tsofaffi.

"Da gaske kana rina takarda da shayi?"

Ya yi dariya. "Henrike tawa, ni shayina sha nake yi. Duba, kowane naɗi da hatimina a goshinsa."

Suka warware naɗin a hankali bisa tebur. Can ya ɗaga shi saitin taga, ya ƙura masa ido.

"Me ka gani?"

"Hujojin ba girmansu ɗaya ba. Ba inji ya huda wannan ba, hannu ne."

"Hannun wa?"

"Ni ma shi nake son sani."

Ya liƙe yagar, ya buga sabo. Ran Lahadi ta shigo da Tilman falonsu. Kafin mahaifinta ya buɗe baki ta ɗora sabon naɗin, ta taka feda.

Tsohon ya miƙe zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa har kiɗan ya ƙare.

"Kakanki ne," ya ce. "Da 'yar wuƙa ya huda shi, don rawar aurenmu da mamanki. Tun da ta rasu na kasa buɗe akwatin."

Ya karɓi naɗin, ya daɗe yana kallon hatimin Tilman.

"Ashe ba ka ɓoye sunanka."

"Ban taɓa ba, Herr Faller," Tilman ya amsa wa tsohon cikin girmamawa.

"To zauna, ga kofi. Ka iya rawa?"

"Ko kaɗan."

"Sai ka koya. Ba na aurar da 'yata ga mai taka mata ƙafa."