Tukunyar Nagode

Shekara bakwai Labaran ya yi a Kaduna yana kanikanci, ya dawo Maradun ya tarar gari ya zama wani. An tare gulbi da dam ɗin Bakolori, gonar mahaifinsa tana ƙarƙashin ruwa, leburori sun cika ko'ina. Nagode kuwa, wadda ya so tun ƙuruciya, ta yi aure, mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, ga ta tana sayar wa leburori tuwo a bakin hanya.

Ranar da ya ce ita zai aura, Inna, mahaifiyarsa, na tankaɗe a tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ban yarda ba."

"Haba Inna! Don ana ce mata 'yar tuwo-tuwo?"

"Na ce ban yarda ba!"

Ya fice a fusace, sai gidan Nagode. Daga zaure yake jiyo taɓare na tashi a ciki. Tana fitowa ya ce, "Ko da yardar Inna ko babu, sai na aure ki. Gobe ki kife tukunyar nan, wahala ta ƙare."

"In kife mi?" Idanunta suka kawo ruwa. "Kana jin dakan can? Ran da na fita takaba, ko ƙwayar gero babu a ɗakina. Matan unguwa sunka raba aiki: wagga daka, wagga daddawa, Gwaggo Hindu ta riƙe mini yara. Su suna kulle, ni ke fita, kowacce da rabonta a tukunyar nan. Garin da ka baro Inna na tankaɗewa, nawa ne! Gida shida ke ci, Labaran. Ba ni kifewa don kowa, ko kai ne."

Ya koma gida ya durƙusa gaban Inna.

"Ni na haife ka," ta ce tana share hawaye. "Ka kulle ta, ka kashe mata sana'a, damina guda ka sake ɓacewa. Wa za ka bar wa marayun nan?"

"Tukunya na nan, Inna. Ni ma ina nan."

"Faɗa ce kawai. Mu gani."

Daga rani har kaka Labaran ne mai faskare da ɗauko ruwa. 'Yan majalisa suka samu abin yi: "Makanike ya koma yaron mai tuwo!"

"Awo!" ya ce, da icce a ka. "Tuwon da kunka ci bashi ba ku ji kunya ba, shi nake hura wa wuta!"

Bayan an yanke gero, Inna da kanta ta aika da goro. Aka ɗaura aure, washegari ma tukunya ta hau murhu.

Macen da ta tashi tsaye don 'ya'yanta, a kama mata ake yi, ba a zaunar da ita. Mai sonta da gaske kuma haƙuri yake yi har a shaide shi.

Sati biyu da biki Labaran ya ɗaure jaka, zai je Kaduna ya kwaso kayan aikinsa ya buɗe gareji a gida.

"Kwana bakwai na ba ka," in ji Inna.

Nagode ta cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka. "Biyar. Iccen da ka faskara ba ya wuce biyar."