Gadon Sama

Zinariya ɗaliba ce 'yar Damagaram. A hutun sanyi ta saɓa jakar goyo ta shiga zagaya biranen Amurka ita kaɗai. A wani birni, a unguwar da ake kira Jamaica, ta samu masaukin matafiya mai arha, inda baƙi shida ke kwana ɗaki guda, gado bisa gado. Aka ba ta na ƙasa.

Bayan magariba ta kishingiɗa. Wasu Turawa mata biyu na bakin taga suna cin taliya suna hira. Sai ta ji warin danshi, kamar na tsohuwar rijiya, katifar da ke samanta ta lotsa.

"'Yar nan, kin iso lafiya?" in ji muryar wata tsohuwa daga sama, da Hausar gida tsantsa.

"Lafiya lau, Inna!" Zinariya ta amsa da murna. "Daga ina kike?"

"Ai tare muka taso."

Wata ƙafa ta ziro daga gadon, busasshiya, da jan lalle a tafinta. Zinariya ta so ta tashi, jikinta ya ƙi. Ta buɗe baki ta kira Turawan, murya ba ta fito ba. Tana kallo suka ɗauki rigunan sanyinsu, suka wuce ta gabanta suna dariya, suka ja ƙofa.

"Matsa mini, 'yar nan, sanyi nake ji."

Ƙafar ta yi ta saukowa a hankali har ta taɓa ƙasa. Zinariya ta ɗaga ido. Har yanzu gwiwa ba ta ɓullo ba.