Habbanayen Gidaɗo

Ku matso kusa, wannan ba labarin ɗaga murya ba ne. Ni Rabi'u, dillalin shanu ne a karar Gazawa, wato kasuwar dabbobi, tun gashin kaina yana baƙi, kuma na ga abin da mutane ke yi saboda dukiya. Na ga wanda ya sayar da gonar marayu, na ga wanda ya rantse da Alƙur'ani a kan akuyar sata, duk ban fasa cin tuwona ba. Amma na Ɗanasabe, in na tuna shi, ba haushi nake ji ba, ba kuma tausayi ba. Jikina ne kawai yake mutuwa.

Ɗanasabe manomi ne a wani ƙauye gefen Gangara. Yana da mata, Lami, da tsohuwarsa Inna Fati. Yana kuma da aboki Bafillace, Gidaɗo, wanda kowace kaka yakan sauke garkensa a gonar Ɗanasabe, shanu su ci kara su bar taki. Abota ta yi nisa har Gidaɗo ya ba shi habbanaye.

Wanda bai san habbanaye ba, ga yadda take. Bafillace zai zaɓi karsana daga garkensa ya ba ka ka riƙe. Nononta naka, 'ya'yan da ta haifa naka, ka kafa garke da su, sannan ka maido masa da uwar. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ɗaga mata sanda. In ciyawa ta yi ƙaranci, ita ake fara ba wa kafin taka. Wadda Gidaɗo ya bayar jar karsana ce mai dogon ƙaho, jinin shanun uwarsa, yana kiranta Woɗe. Ya ɗaure ta a turken Ɗanasabe, ya kora sauran ya yi arewa.

To, haƙurin jiran saniya ta haihu ba kowa ke da shi ba. Ɗanasabe ya sa wa 'yan kasuwar aya na Cadawa ido. Sa'o'insa ne, tare suka yi kiwon awaki, ga su yau da motoci da gidajen siminti. Abin ya tsaya masa a rai, ya daina barci, ya daina dariya. Wani ɗan kabu-kabu ya raɗa masa labarin wani boka, Iro, a dajin da ke wajen iyaka. Abin da ya faru can daga bakin Ɗanasabe na ji shi, za ku ji yadda aka yi.

Da rana tsaka ya isa. Babu bukka, babu inuwa. Wani tsohon suri ne ƙato da aka rarake cikinsa, aka rufe bakin da busasshiyar fata. Ya sunkuya ya shiga. An kakkafa ƙahonin shanu a ƙasa, kowane da jan ƙyalle a ɗaure, tsakiyarsu wata baƙar tukunya a kife, ƙudaje sun lulluɓe ta amma ba ka jin ƙararsu. Wurin yana warin tsohon jini da ruɓaɓɓen man shanu. Shi kuwa bokan ɗan ƙaramin mutum ne, fes da shi cikin farar riga, ka rantse limamin unguwa ne.

"Ka sha rana," in ji boka. "Dukiya ce?"

"Ita ce, ranka ya daɗe. Na gaji. In rago ake so, zan nemo. In baƙin bunsuru ne, ina da shi."

"Naka ne bunsurun?"

"Nawa ne."

"To ba sa so. Mutanen cikin tukunyar nan ba sa cin abin da mutum ya mallaka. Abin da aka ba shi amana suke ci."

Ɗanasabe ya ja da baya. Ya ce, "Matata ɗiyar mutane ce, ban iya ba da ita."

Boka ya yi murmushi. "Wa ya yi zancen matarka? Akwai mai ƙafa huɗu a gidanka. Ja."

"Ta Gidaɗo ce. Ba a yanka habbanaye."

"Ban ce ka yanka ba. Ko gashinta ɗaya ba zai faɗi ba." Ya ɗaga tukunyar, ya zaro wani ƙaho cike da baƙin maiƙo. "Duk tsayuwar wata za ka shafa wannan, ka je mata kamar yadda kake je wa iyalinka."

Ɗanasabe ya ce wa'iyazu billahi, ya miƙe har kansa ya bugi rufin surin. Boka bai ko motsa ba.

"Ƙofa na nan. Amma ka yi tunani. Wasu ɗa na cikinsu suke bayarwa, wasu ido, wasu uwa. Kai ba jini, ba gawa. Dabba ce, ba ta da bakin faɗa wa kowa."

Ɗanasabe ya tsaya a bakin fatar, ƙafa ɗaya a waje. Sannan ya ce, "Sharaɗin ke nan duka?"

"Sai biyu ƙanana. Kada ka sha maganin likita a kan aikin nan. Kuma ranar da ta bar gidanka, dukiyar ta bi ta."

Ya karɓi ƙahon. Bai tambayi abin da ke ciki ba. Daga baya aka ce da mahaifar saniyar da ta yi ɓari ake haɗa shi, Allah masani.

Abin da ya faru a bayan dangar nan ba zan faɗa ba, bakin nan da shi nake salla. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Ya karɓi aya a hannun manoma lokacin da ba mai kallonta, kasuwa ta tashi kamar an hura mata wuta. Ya sake, ta sake tashi. Kafin a ce me, ga sito, ga a-kori-kura tana kai kaya Najeriya, ga gidan siminti da ƙofar ƙarfe. Ya je Makka ya dawo da haƙorin gwal. Mu da muka san shi da tsumma muka koma muna cewa Alhaji, barka da hutawa. Har da ni, ba zan ɓoye ba, mota yake da ita.

Saniyar ce ta fara. Ta daina kallon mutane. Sai ta juya fuska ga katanga ta tsaya, yini guda. In ta ji takun Alhaji, jikinta ya ɗauki rawa har igiya na kaɗawa. Aka kai ta ga bijimi ta ɗauki ciki, ta zubar. Inna Fati ce ta ja mataccen maraƙin da hannunta, ta wanke wurin. Gwiwoyin saniyar suka kumbura, irin ciwon da Fulani ke kira bakkale.

Sai zazzaɓi ya kama Alhaji, irin mai zuwa ya tafi ya dawo. Gumi ya jiƙe masa riga, ƙugu ya riƙe, gabansa ya kumbura har tafiya ta gagara. Dole aka kai shi gidan likita a Gazawa. Likitan ya ɗebi jini, da sakamako ya fito ya kore kowa daga ɗakin.

"Alhaji, wannan ciwon daga dabba ake ɗaukarsa. Ɗanyen nono, ko taɓa ɓarin dabba, ko wata hulɗa ta jiki da ita. Akwai dabba marar lafiya a gidanka?"

"Babu."

"Ka tabbata? Ba don in tona maka asiri nake tambaya ba. Yana da magani, amma na dogon lokaci ne. Ka kawo mini iyalinka duka in duba su. Dabbar kuma a kira likitan dabbobi, kada ta shiga cikin wasu."

Alhaji ya ce to. Ya karɓi maganin, a hanya ya jefa shi cikin kwata. Bai kai kowa ba, don in ya kai Lami za ta tambaya, in likitan dabbobi ya zo zai ce a raba saniyar da gidan.

Inna Fati ta kwanta. Tsohuwa ce, zazzaɓin bai sha wahala da ita ba. Aka yi zaman makoki, aka ci shinkafa da nama, 'yan kasuwar Cadawa suka cika ƙofar gida da motoci. Lami tana da ciki a lokacin, kuma cikin ya sa mata kwaɗayin nono mai ɗumi daga hantsa. Ita ke tatsar Woɗe da kanta, don ita kaɗai saniyar ke bari ta taɓa ta. Cikin ya zube. Ta ce masa, "Maigida, gidan nan akwai abu. Ka dubi saniyar mutane yadda ta koma. Mi muka yi?" Ya ce mata iska ce, ya sayo mata atamfa. Ta sake ɗaukar ciki, ya sake zubewa, wannan karon jinin bai tsaya ba. A cikin a-kori-kurar tasa ta cika, a kan buhunan aya, kafin su kai Gazawa.

Da ni aka haƙa kabarinta, kamar na Inna Fati, sannan na je gaisuwa. Alhaji yana zaune a kan darduma, ana Allah ya ji ƙanta, yana amin, amin, idonsa a bushe. Wata kuma ya tsaya a makon, bai fasa ba. Wannan ma shi ya faɗa.

Da kaka ta yi Gidaɗo ya dawo daga arewa, bayan shekarun da ya yi bai sauko ba. Ya yi ta'aziyya, ya ce a kai shi ya ga Woɗe. Tana jin muryarsa ta yi wani kuka, ta ja ƙafa ta zo ta cusa kai a hammatarsa. Ya shafa ta, ya dubi gwiwoyin, ya dubi haƙarƙarin da suka fito. Bai zargi kowa ba. Kunya ma ya ji.

"Aboki, ka yafe mini. Na ba ka saniya don ka samu 'ya'ya, ta zame maka wahala. Zan tafi da ita, gobe in kawo maka wata mai lafiya."

Haka al'adar take, in habbanaye ba ta yi albarka ba, mai ita ya sauya. Alheri ne tsantsa. Alhaji ya rikice.

"Bar ta nan, Gidaɗo. Na saba da ita. Ka faɗi kuɗinta, ko nawa ne. In ba ka shanu goma a madadinta."

Fuskar Gidaɗo ta sauya. "Subhanallahi. A hannuna za ka sayi habbanaye? Dukiya ta sa ka manta ko ni wane ne?" Ya kwance igiyar.

Nan ne wurin, jama'a. Magana ɗaya ta rage wa Alhaji: kada ka haɗa ta da garkenka, tana da ciwo, likita ya faɗa. Ko dalilin bai faɗa ba, da ya tsirar da mutumin da bai taɓa yi masa komai ba sai alheri. Yana tsaye a ƙofar ƙarfensa Gidaɗo ya ja ta suka tafi.

Dukiyar ba ta yi wata-wata ba. Ruwan bazata ya shiga sito, aya ta yi baƙi ta ruɓe. Motar ta kife a hanyar iyaka ta ƙone. Waɗanda suka ba shi kaya bashi suka kwashe abin da ya saura, har ƙofar ƙarfen suka cire. Ciwon kuma ya hau masa kai. Ya koma yawo ba takalmi, yana magana shi kaɗai.

A rugar Gidaɗo kuwa, shanu suka shiga ɓari ɗaya bayan ɗaya. Shekara ta zagayo ba maraƙi, ba nonon kirki, matarsa da 'ya'yansa suna kwance da zazzaɓi. Ya fara kawo shanun zuwa kara yana sayarwa a wulaƙance don sayen magani. Ni nake yi masa dillanci.

Ranar wata kasuwa, muna tsaye ni da shi, sai ga Ɗanasabe ya shigo karar. Ya hau kan turke ya fara faɗar abin da ya aikata da ƙarfi. Surin, tukunyar, ƙahon, tsayuwar wata, maganin da ya zubar, bai rage komai ba. Muryarsa ba kuka ba dariya, kamar mai karanta farashin kaya. Sai matasa suka fara neman duwatsu, Allah ya sa jami'an tsaro, jandarma, na kusa suka janye shi.

Aka taru a gaban limamin kasuwa. Ya ce aikin haramun ne, babu malamin da ya yi saɓani a kai, kuma hukuma ce ke da horon mai yinsa, ba 'yan jifa ba. Game da saniyar, ya ce wasu malamai sun ce a kashe ta, wasu sun ce ba ta da laifi, ita aka zalunta, tunda ba ta da ikon cewa a'a. Shugaban jandarma ya ce wa Gidaɗo dabbarsa ce aka cuta, garkensa aka kashe, in ya shigar da ƙara za a bi masa haƙƙinsa. Sai dai ya faɗi abin da aka yi da bakinsa, a rubuta.

Gidaɗo ya miƙe tsaye. Ya ce, "Bakina ba ya ɗaukar wannan magana." Ya saɓa sandarsa ya fita. Ɗanasabe kuwa danginsa suka karɓe shi, yana can a ɗaure a turu. Da aka je surin, ba a tarar da kowa ba.

Washegari da hantsi Gidaɗo ya zo gidana ya ce in ara masa shebur, in kuma raka shi. Likitan dabbobi ya ce Woɗe ba za ta warke ba, kuma shi Gidaɗo ba zai bari wani ya sa naman a baki ba. Muka ja ta can bayan gari, tana ɗingishi. Muka haƙa rami, ƙasa ta yi tauri, muka daɗe. Ya kwantar da ita da kansa, ba ta ko yi gardama ba. Ya yi mata magana da Fillanci a kunne, ya yi bisimilla.

Da muka gama mai da ƙasa ya zauna a kan tudun. Bafillace ba ya kuka a gaban mutane, bai kuwa yi ba. Ya ce, "Malam Rabi'u, ran da na kai ta gidansa, sau da yawa tana tirjewa a hanya. Na ce mata ta yi haƙuri, gidan ɗan'uwana ne. Ni na ja igiyar."

Na ɗauki shebur ɗina.

Tun daga ranar, babu Bafillacen da ya sake ba wa manomin yankin nan habbanaye. Bana wata bazawara mai marayu ta je ruga neman ko tunkiya ce a ba ta riƙo. Suka ba ta fura ta sha, suka raka ta har bakin hanya, ta dawo hannu wofi.

Don haka kai mai zaune kana ƙirga motocin sa'o'inka, ka ji tsoron Allah. In aka ce maka ga arziki ba jini ba gawa, ka tashi ka bar wurin da gudu. Ɗanasabe ma haka aka ce masa, kuma ni da hannuna na haƙa rami uku a kan maganar, biyu a maƙabarta, ɗaya a daji.