Mai Karatu Ɗaya a Jajaye

Ranar da Abdulsalami ya fara ganin Tasalla, ba soyayya ce ta kai shi Jajaye ba, ƙirga ya je yi. Wata ƙungiya a Kano ta rarraba akwatunan littattafan hira a ƙauyukan Karaye da Rogo a 1987, don mutane su riƙa karatun nishaɗi. Bayan shekara biyu aka turo shi da fom ya gano ko abin ya yi amfani. Ƙa'idar irin ta mutanen ofis ce: garin da masu karatunsa ba su kai ashirin ba, a ɗauke akwatin.

Ya jingine babur a bakin firamare ya yi sallama. Malama Tasalla ta ɗago daga kan akwatin, alli a yatsunta, sai tambayar farko ta fom ta ɓace masa.

"Sannu da hanya, Malam. Kai ne mai ƙirga mu?"

"Littattafai dai, Malama."

"Haka mai jangali ke cewa, shanu dai."

Ya yi dariya, ta miƙo masa rajistar aro. A shafi na biyu dariyar ta tsaya. Daga farko har ƙarshe suna ɗaya ne: Goggo Mairama, sau ɗari uku da 'yan kai.

"Wannan baiwar Allah ba ta hutawa ne? Ina son ganinta."

Tasalla ta ja mayafi ta yi gaba yana biye. Suka ratsa gonakin dawa har bakin maƙabarta. Ta tsaya daga nesa kamar yadda mata ke yi, ta nuna da haɓa.

"Ga ta can, gindin kukar nan. Saura wata guda akwatin ya iso ta rasu."

Babu iska, amma ganyen dawa na ta motsi a bayansu. Ya ɗan ja da baya.

"To wa ke aro?"

"Abin da ka gani shi aka rubuta. Sauran amana ce."

Ana cewa tsoro na korar so. Wanda ya faɗi haka bai san samari ba. Kwana uku da komawarsa Karaye, direban bas ya kawo mata wasiƙa:

"Zuwa ga Tasalla, 'yar Sallata. Bayan gaisuwa mai yawa. Gurbin Jajaye a fom har yau babu komai. In na rubuta ɗaya, sun ɗauke miki akwati. In na rubuta ashirin, na yi ƙarya. In na rufe ido kuma ke nake gani, ba kukar ba. Ki taimaki bawan Allah."

Ta amsa:

"Malam Mai Ƙirga, na ga taka. Ban roƙe ka ƙarya ba. Bayanin kuma ba nawa ba ne balle in bayar. Maganar rufe ido ka rage, kar ka faɗa rami da babur. Taka, Tasalla."

Kalmar "taka" ya yi ta karantawa har takardar ta yi laushi.

Kafin damina ta ƙare maganar ta fito fili. Basiru mai shagon atamfa, wanda ya daɗe yana neman Tasalla, ya baza a kasuwa cewa baƙon Kano ya rubuta wa manyansa wai tana ba fatalwa aron littafi. Da Abdulsalami ya je gaida Bappa Sulle, ƙanen mahaifinta da ya riƙe ta, tsohon ko tabarma bai nuna masa ba.

"Yaro, mu ko yawan shanunmu ba ma faɗa wa baƙo. Ka zo da biro za ka kwashi gidajenmu ka kai Kano, ka ɓata mini ɗiya, sannan ka ce in ba ka ita?"

"Wallahi Bappa ban rubuta komai ba."

"To bar shi haka, ka koma."

Ana gobe zai miƙa rahoto ya dawo, da rana tsaka, lokacin da ko kaza ba ta son fita. Makaranta a rufe, garin tsit. Yana tura babur ta bayan gari sai ya ji murya. Daga gidan Goggo Mairama take fitowa, gidan da aka toshe ƙofarsa da ƙaya tun rasuwarta. Mace ce ke karatu a hankali. Ta yi shiru, sai dariya ta tashi, ta mata masu yawa, ta sake ɗaukewa kamar an rufe tukunya.

Ya karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, ya zagaya. A bayan gidan akwai tsaga a jikin zana, ƙafa ta daddale hanya daga gidajen maƙwabta. A bakin tsagar takalma ne a jere, silifa da na roba, wasu an ɗinke su da zare. Hali zanen dutse: ya ƙirga. Na mutum talatin da huɗu.

Tasalla ta fito da littafi a hannu, ta tsare shi da ido.

"Ka gani da kanka, ba ni na faɗa ba. Matan aure ne. Wace ce za ta yarda a rubuta sunanta, wani namiji ya karanta a Kano? Goggo ce ta koya musu karatu, ita ta roƙi akwatin. Sai suka ce a ara da sunanta, wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya jin kunyar kowa."

"Ku talatin da huɗu," ya ce, yana sauke numfashi.

Ta dubi takalman ɗaya bayan ɗaya.

"Talatin da uku muke, Malamina, har da ni."

Ba wanda ya ce a sake ƙirgawa. Ya tsuguna nan ya cike gurbin: "Masu karatu: sun haura talatin. Sunaye: ba a bayarwa."

Kafin ya kai rahoton Kano, sai da ya fara kai wa Bappa. Tasalla ta karanta wa tsohon sau biyu.

"Ba sunan matar kowa?"

"Ko ɗaya, Bappa."

"In suka kore ka fa?"

"Sai in zo ka koya mini kiwo."

Tsohon ya tura masa tabarma da ƙafa. "Zauna. Mai ƙirgan da ya san inda ake tsayawa, ban taɓa gani ba."

A ofis an yi gunaguni, wani ma ya ce wannan ba kimiyya ba ce, kamar kimiyya ta taɓa shiga bayan zana. Amma akwatin ya zauna, aka ƙaro musu wani.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da ango ya zo wucewa, muryoyi suka taso daga bayan zana, gida bayan gida, ba ya ganin fuskar kowa.

"Allah ya ba da zaman lafiya, Mai Ƙirga! Allah ya kawo 'ya'yan da za su gagare ka ƙirgawa!"

Ya ce amin, bai waiwaya ya ga ko su wa suka faɗa ba.