Turbo a Motar Baffa

Basira na tsakar gida tana tankaɗe, Gogo na kan tabarma tana damun fura, sai ga sallamar Umara daga zaure. Gidan mahaifin Basira ke nan a unguwar Bolewa, Bubayaro, wanda take kira Baffa, Bafulatanin da ya bar daji ya zauna Potiskum yana fataucin shanu. Gogo yayarsa ce, ita ta riƙi Basira tun rasuwar mahaifiyarta.

"To, ga Babarbarenki nan mai warin baƙin mai," in ji Gogo, da ƙarfi yadda na zaure zai ji. "Wai bakanike! Motar ubanki kullum tana garejinsa, amma ko hawan kwalbati za ta yi sai ta yi nishi kamar tsohuwar tunkiya!"

"Haba Gogo, yana ji fa!"

"Ya ji mana! Ai don ya ji na faɗa."

Wasan Fulani da Barebari ne, kowa ya sani. Amma wasan Gogo da zafi yake zuwa, kuma ranar ya taɓa Umara. An riga an sa musu rana bayan babbar salla, sai dai har yanzu dangin Basira kallon ɗan birni marar ko akuya suke masa.

Da ta fito zaure ta tarar da shi yana wani murmushi da bai kai ciki ba.

"Basira, kayana sun iso — turbon nan da na yi oda daga Chana! Wata na'ura ce mai ɗura wa inji iska, sai ki ga mota ta samu ƙarfin da ba ta taɓa yi ba. Don motata na sayo, amma na fasa. Gobe za a kawo ta Baffa juyen mai, ita zan sa wa."

"Ka tambaye shi?"

"Safirayis ne, ba-zata zan yi masa, ke dai ki zuba ido."

"Umara, ni fa gabana faɗuwa yake. Baffa ba ya son a taɓa masa abu."

"Filis, ki bar ni in rufe bakin Gogo sau ɗaya a rayuwata!"

Ta ƙyale shi. Son da take masa ya fi ƙarfin musunta, wannan kuwa shi ne kuskurenta na farko.

Motar Baffa tsohuwar a-kori-kura ce mai shan gas, da ita yake kai dusa da kanwa rugarsu ta wajen Danchuwa. Umara ya duƙufa a kanta kamar ba shi da wani aiki a duniya. Ya kwance bakin salansa, ya ɗaura turbo, ya yi walda inda ƙarfe ya ƙi haɗuwa, don kayan ba don tsohon inji irin wannan aka ƙera su ba. Bututun da ke kai wa turbo baƙin mai ya gaza tsawo, sai ya yi masa ƙari da tiyo ya ɗaure tamau. Da ya tayar da ita ya taka totur, kai! Motar ta yi wani fito siriri, ta zabura har ta ba shi tsoro.

Da yamma ya zo wa Basira da sharuɗɗa.

"Ki faɗa wa Baffa, kullum da safe a duba mai. In ya ga ko ɗigo a ƙarƙashinta, ya kawo min ita nan take — akwai tiyon da ban gama yarda da shi ba. In ya dawo daga tafiya kuma ya bar ta a kunne a silo, ba taka totur, ta huce kafin ya kashe."

Basira ta zaro ido. "Ni? Ni 'yar fari ce fa! Baffa ko sunana ba ya faɗa. Tun da nake ban taɓa zama na yi masa doguwar magana ba. Kai ka faɗa masa."

"Ni in tsaya gaban surukina ina koya masa tuƙi? Wallahi ko ido ba na iya haɗawa da shi. Gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa."

"To Gogo fa?"

"Gogo? Ta ji an ce tiyo, ai gobe duk Bolewa ta ji na ɓata mota!"

Haka suka rabu, ita ta ce za ta gwada. Ta kuwa gwada, Allah ya sani. Ta kai masa ruwan alwala, ta durƙusa, maganar ta zo har bakinta, kunya ta mayar da ita ciki. Da Umara ya tambaye ta a waya, sai ta ce, "Kar ka damu." Shi ma da yake amsar da yake so ke nan, bai ƙara tonawa ba.

Bubayaro ya ji daɗin motar, ba ƙarya. Ranar kasuwar shanu har abokansa suka taru suna leƙa injin. Ita kanta Gogo ta sauko, ta aika wa Umara kindirmo a ƙwarya, tana cewa, "A ba Babarbare, ashe yana da rana."

Akwai wata jar saniya a rugar, wadda Innar Basira ta bar mata kafin ta rasu. A al'adarsu da ita za a raka amarya gidan miji. Wata ranar bazara haihuwa ta zo wa saniyar da gardama, ɗan ya gicce, makiyaya suka yi iyakar dabararsu suka kasa. Bubayaro ya sa aka ɗora ta a bayan mota, ya taka wuta zuwa gari wajen likitan dabbobi.

A tsakiyar hanya, rana tsaka, tiyon ya fashe. Mai ya tsiyaye, inji ya yi ƙara ya buga, hayaƙi ya turnuƙe. Babu inuwa, babu mota mai wucewa da za ta ɗauki saniya. Bubayaro ya yi ta yayyafa mata ruwan gorarsa har ya ƙare. Da ya ga idonta ya fara juyewa, ya zaro wuƙa ya yanka ta da hannunsa a bakin titi, don kada ta zama mushe.

Ranar gidan ya rikice.

"Na faɗa! Na faɗa!" Gogo na kuka tana tafa hannu. "Abu ɗaya da marigayiya ta bar wa yarinyar nan, ya kashe shi da ƙarfen Chana! Wallahi ba a gidan nan ba, a mayar masa da kayan aurensa!"

Basira ta faɗi a ɗaki tana rusa kuka. Ba saniya kaɗai take wa kuka ba. Ta san da ta buɗe baki ranar alwalar nan, da yanzu jar saniya na lasar ɗanta. Bubayaro kuwa ya aika cewa a dakata da maganar aure.

Umara bai kare kansa ba, bai kuma ambaci sunan Basira ba. Ya jawo motar, ya cire turbon ya jefa bayan gareji, ya sayar da tasa motar ya sake wa ta Baffa inji. Salla ta zo ta wuce, damina ta sauka, ba waya ba zance. Basira ta rame har Gogo ta fara tsorata. 'Yan'uwan Umara suka ce ya haƙura ya nemi wata, ya ce shi zai jira.

Ranar da ya mayar da motar bai aiki kowa da mukulli ba. Ya shiga zaure, ya durƙusa gaban Bubayaro.

"Baffa, na taɓa maka mota ban tambaye ka ba, don a yabe ni. Na san akwai rauni a aikin, kunya ta hana ni faɗa maka. Laifina ne ni kaɗai."

"Ba shi kaɗai ba ne, Baffa!" Muryar Basira ce daga bayan ƙyaure, tana shessheƙa. "Ya ba ni saƙo, ni na kasa isarwa."

Gogo ta saki baki. Ba ta taɓa jin yarinyar ta ɗaga murya gaban ubanta ba.

Bubayaro ya dube su, ya ce, "Ni ma na ga man. Tun kafin ranar nake ganin ɗigonsa duk safiya inda nake ajiye ta. Na ce yaro ya yi min alheri, in na mayar masa da ita na kunyata shi. Sai na riƙa tura ƙasa da ƙafa ina rufewa." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Mu uku muka yanka saniyar nan. Tashi, ɗana. A sa wata ranar."

Kunya ado ce, babu mai musu, kuma haƙurin Umara ya biya shi. Amma 'yan'uwa, in shiru zai jawo ɓarna, to magana ita ce ladabi. Kuma abin da mutum ya yi don a yabe shi, sau da yawa na kusa da shi ne ke shan wahalarsa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka zo fita da amarya, mata suka tsaya cirko-cirko a ƙofar gida, don nan ne ake jawo saniyar uwa a sa ta gaba. Gogo ta shiga ɗaki ta fito da igiyar jar saniya a naɗe, ta danƙa wa Basira. Basira ta rungume igiyar a ƙirjinta, ta shiga mota tana kuka.