Ɗakuna Dubu Tara da Sunan Auta

Ana gab da magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan. Maigidan, mai rubuta manhajar kwamfuta, yana gaban na'urarsa, ya ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo tsakiyar falo, ga ƙofa a rufe, ga taga a rufe. Daga nan ya daina zargin yaran maƙwabta.

Kwana uku ana haka. A na huɗu Auta, 'yar lelensa mai shekara tara, ta ajiye cokali, ta ɗago idanu jawur, ta ce da muryar ƙaton namiji, "A rage hayaniya, muna da jarirai."

Uwar ta saki salati, tsoro ya hana ta ko taɓa 'yar. Washegari da la'asar aka zo da malam, wani tsoho marar gaggawa. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta miƙe zaune.

"Wa ya ba ku izinin shiga gidan nan?" in ji malam.

"Mai shi. Ɗaki dubu tara ya gina ya watsar. Kango ai namu ne."

Nan take maigida ya gane. Manhajar da yake rubutawa da harshen kwamfuta na C takan buɗe fayil na wucin gadi, kamar ɗaki a cikin na'ura, ta ajiye abu na ɗan lokaci. Ƙa'ida ita ce in ta gama ta goge shi, shi kuwa, sarkin sauri, bai taɓa rubuta layin gogewar ba.

"To ita yarinyar me ta yi muku?"

Muryar ta yi dariya. "Tambayi ubanta sunan wa ke kan ƙofofin."

Kaico! Maimakon ya bar na'ura ta zaɓa wa kowane fayil baƙon suna, yadda masu sana'ar ke yi, sai ya riƙa sa auta1, auta2, har dubu tara. Wai don yana son ganin sunan.

"Za a rushe ɗakunan," in ji malam. "Ku fita."

"Mu fita hannu rabbana? Sunan dai ya zama namu, da shi za mu tafi. Ran da aka sake kiran ta da shi, mu za mu amsa."

Malam ya ja, ya ja, suka ƙi sassautawa. Ya dubi uban. Uban ya gyaɗa kai, hawaye na zuba, ya juya ya goge fayilolin. Yarinyar ta yi atishawa uku ta sulale ƙasa.

Can ta buɗe ido, idanunta sun koma kamar da. "Baba?"

Uban ya durƙusa da sauri, ya buɗe baki, malam ya damƙe masa kafaɗa. Tun ranar da aka haife ta bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai Auta.

"Baba, ni ce fa," in ji ta. "Ba ka gane ni ba ne?"